Mai Cokali na Ofishin Kwastan

Kowace safiya, tun masu shara ba su gama da farfajiyar ofishin kwastan na tashar jiragen ruwa ba, za ka tarar da shi a ɗakinsa na ƙarshen baranda, ya rataye hula a ƙusa, yana wanke cokali. Ɗan ƙaramin cokali ne na ƙarfe, wanda yake sokewa a aljihun gaban riga inda sauran ma'aikata suke soke biro. Sai ya wanke shi da sabulu, ya ɗauraye, ya goge, ya ɗaga shi sama ya ƙare masa kallo. Daga nan ya buɗe firjin da ke bayan ƙofa ya sa hannu ya ji ko sanyin ya yi masa, ya share sikelinsa da tsumma, ya gyara zaman kujera. Mu kuwa muna baranda a tsaitsaye, takardu a hammata, zuciya na tafasa, don kowannenmu yana da kwantenar sanyi a fili, ranar lalacewar da aka buga a jikin kwalaye tana ta matsowa. Ka yi gyaran murya, ka yi tari, ka buga ƙafa, ko a jikinsa. Sai ya gama tsaf sannan ya ɗago kai ya ce, "Wa ya riga zuwa?"

Mai Cokali muke ce masa, kuma da yawa cikinmu ba su san yana da wani suna ba. Ni ejan ce, cikin masu fitar wa 'yan kasuwa kayansu daga tasha, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan ko na gani da idona ko na sha shi a jikina. Gara in gaya muku tun da wuri, babu mahalukin da ya taɓa kai ni bango kamar wannan dattijo. Kwanan baya ya ajiye aiki. An yi masa ɗan taro a ofis, shugaba ya karanta jawabin da zai dace da kowa, daga direba har akawu, aka tafa aka watse. Na dawo gida raina a jagule, na ce to, tunda babu mai faɗa, ni zan faɗa, ko da rabin maganar ƙorafi ne.

Bari in yi muku bayanin aikin, don na san yawancinku ba ku taɓa jin labarinsa ba. Duk abin da ya shigo ƙasa sai an nemo masa gurbi a babban littafin kuɗin fito, kowane gurbi da harajinsa. Taya tana da gurbinta, siminti yana da nasa, babu gardama. To amma ɗauko mini ɗan kofin robar nan mai murfi, irin kayan zaƙin da ake shigowa da su a sanyi, kana buɗewa sai sha. Ƙasansa garin biskit, tsakiyarsa kirim, samansa cakulan, wani lokaci har da jeli ko 'ya'yan itace a gefe. Wannan ɗan wane gida ne? Littafin yana da gidan madara, da gidan cakulan, da gidan kek da biskit, da gidan askirim, sai wani ɗaki can ƙurya na sauran abincin da ba a ambata a ko'ina ba, inda ake jefa marasa gata. Ɗan kasuwa yana son gida mai sauƙin haraji, hukuma tana son mai tsada, shi kuwa kamfanin da ya haɗa abin ya buga masa suna mai daɗin ji wanda bai gaya maka komai ba. Mai Cokali ne alƙalin wannan rigima.

Hanya biyu ce ake bi. Ko a aika samfuri ɗakin gwaje-gwaje da ke wani gari, ko jami'in tantancewa ya duba da kansa, in ya gamsu ya sa hannu. Mutanen ɗakin gwaji sun san aikinsu, ba ni da abin cewa a kansu, matsalar layi ce. Fenti na gabanka, takin zamani na gabanka, maganin sauro na gabanka. Kafin a zo kanka, kayan zaƙin da ba su da dogon kwana sun kumbura murfi. Sakamako zai iso tsaf, babu kuskure ko ɗaya, a kan kayan da motar shara ta riga ta kwashe. Waɗanda suka riƙe ɗakin kafin shi duk aikawa suke yi su huta, ba kuma wanda ya taɓa ganin laifinsu. Shi ne ya zo ya ce ba zai zauna yana kallon abinci yana ruɓewa a fili ba alhali yana da ido da harshe.

Sai dai fa in kuna zaton sauƙi muka samu, ba ku san shi ba. Zai sa wuƙa ya raba kofin gida biyu, ya kwashe kowane hawa daban, ya ɗora a sikeli, ya karanta abin da ke jikin kwali kamar mai karanta bayanin wanda ake tuhuma. Zai zuba kaɗan a faranti ya ajiye a gefe, ya ga narkewa zai yi ko tsayawa. Bayan duk wannan ne cokali zai fito. A harshe yake gane ko kirim ɗin na madarar gaske ne ko man itace ne aka kaɗa aka yi masa kwalliya, a harshe yake gane ko cakulan ɗin ya ratsa jikin abin ko barbaɗa shi aka yi a sama don ido. Yana yi yana lumshe ido, kai kana tsaye kana ƙonewa.

Ranar da na fara shiga ɗakinsa na ce, "Baba, don Allah a taimaka. Kayan madara ne, ga shi nan an rubuta."

Ya ce, "An rubuta. Ke in na rubuta 'mai haƙuri' a goshinki, sai ki zama mai haƙurin?"

Tun daga ranar ya laƙaba mini Uwar Gaggawa, sunan kuma ya bi ni har cikin gidana, yanzu ƙannena ma haka suke kirana. Kayan nan kuwa ya cire su daga gidan madara ya kai su ɗakin ƙurya, ya ce babu ɗigon madara a ciki. Na yi magiya, na yi fushi, na ce zan kai ƙara sama. Ya ce ƙofar sama tana hannun dama in na fita, in kula da matakala don tana da santsi.

Abin haushin shi ne, ba za ka iya cewa mugu ne ka huta ba. Dogo, wani ejan da muka fi shekara nawa muna ƙwace wa juna 'yan kasuwa, shi ya ba ni labari da bakinsa. Ya taɓa shigar da kayan wani a gidan cakulan bisa kuskure, gida mai tsada. Kowane jami'i zai buga hatimi ya yi shiru, tunda hukuma ce ta ci riba. Mai Cokali ya sa aka nemo Dogo har wajen mai shayi, ya ce masa, "Wannan kek ne, cakulan ɗin ado ne. Je ka gyara, ka yi wa mai kayan adalci." Shugabansa na lokacin ya kira shi ya tambaye shi wa yake yi wa aiki, ya ce littafi yake yi wa. Dogo ya ji daɗi ya ɗauki kwali guda na kayan ya kai masa gida. Washegari kwalin yana kan teburin Dogo, tef ɗinsa ma ba a ɓare ba.

Ba kuma kullum yake yin daidai ba, kada in mai da shi abin da bai kai ba. An taɓa ɗaukaka ƙara a kan wani hukuncinsa, ɗakin gwaji ya nuna ya yi kuskure. Muka zauna muna jira mu ga yadda zai ɓoye fuska. Sai ga shi ya fito baranda da kansa, ya ce, "Jama'a, na ɓata a wancan kayan. Duk wanda ya shigo da irinsa ya zo mu gyara." Ya koma ciki abinsa. Ko damar yi masa dariya bai bar mana ba.

Kai ne, Baba, ranar da wuta ta ɗauke firjinka ya mutu, mai kula da ɗakin sanyi ya gan ka ka kinkimi samfuran mutane a kula, ka tsallaka titi da rana tsaka zuwa wajen masu sayar da ƙanƙara, da kakinka da furfurarka. Kai ne ba ka taɓa tsallake mai ƙaramin kaya ka duba na mai babba ba. Kai ne kuma, Allah ya shirye ka, in kamfani ya canza ko launin murfi sai ka ce a sake kawo samfuri, wai mai canza riga yana iya canza hali. Alƙalin kofin roba, mai kan dutse. Ka ga dai na yabe ka, saura kuma faɗa.

Ciwon sukari ya kama shi. Ba a bakinsa muka ji ba, shi da zai mutu bai faɗa ba. Wata rana da hantsi muna layi, sai ga wata dattijuwa ta ratso baranda da jakarta a hannu, ba ta tambayi kowa hanya ba, ta wuce kai tsaye ɗakin ƙarshe. Matarsa ce. Ta same shi da cokali a baki. Abin da ya biyo baya duk baranda ta ji, don ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Da ta fito ta tsaya a gabanmu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, muryarta ta sauka.

Ta ce, "'Ya'yana, ku ne masu kawo masa?"

Muka sunkuyar da kai.

Ta ce, "Likita ya ce ciwon ya fara taɓa jijiyoyin idonsa. A gida na hana shi komai, shayinsa ma haka yake sha salam. Ashe nan yake zuwa ya wuni yana sha. In ya makance, ku za ku riƙe masa sanda ko ni?"

Wallahi kunya ta rufe mu. Mu da muke zaton cokali ɗaya ne, ba mu taɓa tsayawa mun yi tunanin kowannenmu cokalinsa ɗaya yake kawowa ba, kuma kowane kofi hawa-hawa ne, kowane hawa sai ya ji shi daban. A lokacin da kaya suka yi yawa, mutumin nan daga safe har tashi a cikin zaƙi yake. Muka yi mata alkawari ba za mu ƙara barinsa ya sha ba, muka ce Mama ta kwantar da hankalinta.

Ni aka tura in yi masa magana, wai ni ce bakina ba ya jin tsoro. Na ce, "Baba, to ka riƙa tofarwa mana in ka ɗanɗana."

Ya ce, "Maiƙon sai an haɗiye yake nuna kansa."

Na ce, "To a aika ɗakin gwaji."

Ya ce, "Kayan wa za a fara aikawa, naki?"

 Ya bar ni na gama jin kunyata, sannan ya ce in je in kira masa Dogo.

Nan ya fito mana da tsarin da har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tsaki. Tunda an hana shi harshensa, zai ari namu. Amma mai kaya ba zai ɗanɗana kayansa shi kaɗai ba, don harshensa zai karkata wajen gida mai sauƙi. Abokin hamayyarsa ma ba zai ɗanɗana shi kaɗai ba, don zai jefa shi gida mai tsada saboda mugunta. Saboda haka mutum biyu za su sha, mai kaya da wanda ba ya ƙaunarsa, a juya wa juna baya, shi kuma ya yi tambaya. Ku dube ni, mace da girmana, ina zaune na ba Dogo baya kamar yaran da aka raba faɗa, baki cike da kirim.

"Me kika fara ji, Uwar Gaggawa?"

"Zaƙi, Baba."

"Kowa ya san da zaƙi. Narkewa ya yi ko sai da kika tauna?"

"Narkewa."

"Kai fa, Dogo? Kada ka waiga. Shafa harshenka a ganɗa. Ya bar maka santsi kamar ka lashi kyandir, ko ya wuce ya bar bakin wasai?"

Haka ya yi ta koya mana har muka fara ganewa. Man itace yana manne wa ganɗa, na madara yana tafiya. Cakulan na gaske yana barin ɗan ɗaci a bayan harshe, na launi ba ya barin komai. In amsarmu ta zo ɗaya, ya haɗa da abin da sikeli ya nuna ya sa hannu. Tsarin ya yi aiki, kaya suna fita, ni da Dogo har muka fara gaisawa. Muka saki jiki, muna ce wa Mama komai lafiya lau.

Ashe in amsarmu ta saɓa, ko in ya ga kamar ɗayanmu ya ƙara gishiri, sai ya ce mu je zai yi nazari. Nazarin kuwa shi ne ya tura ƙofa ya zaro cokali. Mai sharar ɗakin ce ta tona, ta ce ita fa kullum tana ganin cokalin a jiƙe. Na shiga na same shi, raina kamar ya fita don haushi. Na ce, "Haba Baba, wane irin taurin kai ne wannan? Mu muna can muna yi wa Mama rantsuwa." Ya ce shi ba zai sa hannu a kan abin da yake shakka ba, kuma ba zai aika kayan talaka su ruɓe a layi ba, in ina da hanya ta uku in kawo. Ba ni da ita. Na fita na bugo masa ƙofa.

Ba a daɗe ba idon hagu ya tafi. Ya tashi da safe ya ga rabin ɗakinsa ya yi duhu, aka kai shi asibiti, aka yi abin da za a yi, bai dawo ba. Ba zan ce cokalin ne kaɗai ya jawo ba, ni ba likita ba ce, amma likitan ya gaya wa Mama a gabana cewa na daman ma ya fara, kuma in ba a kiyaye ba zai bi ɗan'uwansa. Mama ba ta yi mana faɗa ba a wannan karon. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Kowa ya ɗauka shi ke nan, zai zauna a gida har lokacin ritayarsa ya cika, tunda saura kaɗan. Ina. Sai ga shi ya dawo da baƙin tabarau, ya rataye hula a ƙusa. Ofis kuwa duk tsawon jinyarsa ba su tura kowa ya koyi aikin ba, samfura suna ta tafiya ɗakin gwaji, kaya suna ta lalacewa a fili. Yana dawowa baranda ta cika maƙil, kowa ya zo gaisuwa da kofi a hannu.

A daidai wannan lokacin kwantenata ta sauka. Kayan wata baiwar Allah ce mai 'yan shaguna, ta daɗe tana hulɗa da ni, kuma wannan ne karon farko da ta yi ƙarfin halin shigo da sabon abu wanda ba a taɓa gani a tashar ba. Wani irin haɗi ne mai laushi, ba kek ba, ba askirim ba, kwanansa kuma gajere. Baba ya yanka, ya raba, ya auna, ya kawo kwalin dab da idonsa mai gani ya karanta. Aka kira Dogo, muka juya wa juna baya. Na ce madara ce. Dogo ya ce man itace ne. Muka sake sha, na ce ni kam yanzu ban sani ba. Dogo ya ce wallahi shi ma bai sani ba, kuma na yarda da shi.

Baba ya ce, "To ku je, zan yi nazari."

Dogo ya fita. Ni na tsaya.

Ya ce, "Ba ki ji ba ne?"

Na ce, "Na ji. A aika shi ɗakin gwaji."

Ya cire tabarau ya dube ni da ido ɗayan. Ya ce, "Kin ga ranar da ke jikin kwalin?"

"Na gani."

"Ba zai kai ba."

"Na sani, Baba."

"Matar nan duk abin da take da shi yana cikin kwantenar nan. Cokali ɗaya ne, 'yar nan. Ba cokali ɗaya ne zai makantar da ni ba."

Na ce, "Leƙa baranda ka gani. In ka sha nawa, da wane baki za ka hana na bayana?"

Ya miƙo hannu zai ɗauki kofin, na riga shi. Doka ta ba wakilin mai kaya damar neman a kai samfuri gwaji, kuma in ya nema jami'i ba shi da ikon hanawa. Shi da kansa ya koya mini wannan, ranar da nake barazanar kai shi ƙara. Na nema a gabansa, da babbar murya yadda na waje za su ji. Ya buga hatimin. Ya ce, "Kin cuci matar nan, kin kuma raina ni." Na ce na ji, na ɗauki jakata. Da na fito baranda sai na ga Dogo ya mayar da kofinsa cikin kula ya bi bayana, sauran ma suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

Kayan sun lalace, kamar yadda ya faɗa. Na je na tsaya a fili ranar da aka buɗe kwantenar, warin ya kore mu baya. Mai kayan ta zo har ofishina ta gaya mini maganganun da ba zan maimaita ba, ta kwashe takardunta ta koma wajen wani ejan, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Har yau in na hango shagonta sai in canza hanya. Shi kuwa Baba bai ƙara yi mini magana ba har ya ajiye aiki. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

A taron sallamar nan da na ambata, kun san abin da ofis ya kawo? Kek. Ƙaton kek mai hawa-hawa, an lulluɓe shi da kirim, an rubuta masa fatan alheri da cakulan. Mutumin da zaƙi ya ci wa ido, aka miƙa masa wuƙa ya yanka, ana ɗaukar hoto. Mama tana gefe ta haɗe rai, ni kuma na fita waje don kada in faɗi abin da zai sa a janye mini lasisi.

To ku ma'aikatan da kuka rage, da ku matasan da ake ɗauka yanzu, ga ɗaki can a ƙarshen baranda babu kowa. Ku shiga ku koyi aikin. Ku yi koyi da shi wajen ƙin sa hannu a kan abin da ba ku tabbatar ba, da jin zafin kayan mutane kamar naku ne, da fitowa baranda ku ce kun ɓata in kun ɓata. Amma ku yi yawa a ciki, ku raba nauyin, kada a sake barin mutum ɗaya ya ɗauki tasha guda a harshensa. Ku kuma manya, ku kawo ɗakin gwaji kusa, ba sai wani ya sake ba da idonsa ba.

Makon jiya na yi ta maza na je gidansa, ina tunanin ko zai kore ni. Mama ta buɗe mini ƙofa ta ce yana tsakar gida. Yana zaune a kujera can ƙarƙashin inuwa, da 'yar rediyonsa a cinya. Ban kai ga yin sallama ba ya ɗago kai.

Ya ce, "Uwar Gaggawa. Kin zo ki ga ko na makance ne?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Dogo, ya tambayi tasha, ya ce har yanzu yana nan a kan bakansa, asarar banza na jawo wa matar nan. Na ce na ji. Ya ƙura mini ido, sannan ya ɗan karkata kai ya nuna ni da yatsa.

"Ke, wannan furfura ce nake gani a bakin ɗankwalinki?"

Sili biyu ne ko uku, ni kaina sai na matsa jikin madubi nake ganinsu. Na ce, "Kai ka sa mini ita, Baba." Mama ta juya ta shige ɗaki tana goge fuska da mayafi.

Na gode, Baba. Mun gode, mu da ka tsayar a baranda shekara da shekaru, da dubban mutanen da suka sha abin da ka fitar ba su san da kai ba. Ka ci gaba da fushi da ni in ka ga dama, ba zan ba ka haƙuri ba. Allah ya bar maka idon nan, ka yi ta ganin furfurar tawa har ta cika kan.